Amfilifayar Da Ta Ƙi Kama Wuta: Abin Dubawa Kafin A Taya

'Yan kasuwa da dillalai masu karatu, a wannan fitowa za mu ɗan jingine farashin hatsi da na atamfa, mu yi magana a kan wani kaya da ke yawan kwantai a rumfunan masu sayar da kayan lantarki na hannu. Watau akwatin nan mai haɗe da rediyo da amfilifaya wuri ɗaya, wanda ake jona wa sifiku a ɗaki. Masu gyara suna ce masa risiba, amma yawancin mutanenmu amfilifaya kawai suke kiransa, mu ma haka za mu kira shi. Duk wanda ya taɓa sarin irin wannan kaya daga Alaba ta Ikko zuwa Sabon Garin Kano, ko daga Kwatano zuwa kasuwar Katako ta Yamai, ya san cewa ba a rasa waɗanda za a jona su ƙi motsi sam. Mai kaya ya ce lafiya lau take, fis ne kawai. Mai saye ya ce ai matacciya ce, sai dai kuɗin ƙarfe. Dillali yana tsakiya, ba ya da abin da zai kafa hujja da shi. To, ƙin kama wuta iri-iri ne. Akwai wanda gyaransa bai kai kuɗin kwanon abinci ba, akwai kuma wanda zai cinye uwar kuɗi da riba, kuma ana iya rarrabe su a bakin rumfa ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba.

Abu na fari, kada a jona kafin a juya bayan akwatin a karanta rubutun da ke kusa da inda waya ta fito. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Nijar 220, ta Ingila ma 230, saboda haka kayan Turai ba su da wata rigima da soket ɗinmu. Amma wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, ta Japan kuwa 100. Amfilifayar da aka ƙera domin Amurka in aka cusa ta a wutarmu, an ɗura mata kusan ninki biyu na abin da take iya ɗauka. In an yi sa'a fis ya tsinke ya cece ta. In ba a yi ba, taransifomar ciki ta ƙone, kuma ita ce abu mafi nauyi da tsada a duk akwatin. Da yawa daga cikin waɗanda ake cewa sun iso a mace, da ransu suka sauka daga kwantena, a hannun yaron shago suka mutu ranar da ya ce bari ya gwada.

Kamfanonin Japan irin su Pioneer da Sansui da Kenwood, a shekarun 1970 da 1980, sun riƙa sa wa waɗansu akwatunansu wani ɗan maɓalli a baya mai lambobi 110, 120, 220 da 240. Wanda ya samu irin wannan sai ya mai da shi kan 240 ko 220 kafin komai, sa'an nan ya duba fis, domin wanda ake sa wa a wutar 120 yakan kai ninki biyu na wanda ya dace da tamu. Wadda kuwa aka rubuta mata 120 tsura, ba ta da magani sai taransifomar rage wuta, ko kuma ramin 110 da ke jikin waɗansu sitabilaiza, kuma lalle ƙarfinta ya zarce wat ɗin da aka rubuta a bayan amfilifayar. Wannan ƙarin kuɗi ne a kan mai saye, saboda haka ya kamata ya fito a cikin tayi. Dillalin da ya ɓoye wa mai saye wannan magana, gobe da safe zai gan shi a ƙofar rumfa da akwati a ka yana warin ƙauri.

In rubutun baya ya dace da wutarmu amma duk da haka shiru, sai a fara daga waje. A gwada soket ɗin da wani abu dabam. A bi waya da hannu, domin ɓera yana sonta, kuma takan karye ta ciki daidai bakin filogi. Shi kansa filogin nan mai ƙafa uku irin na Ingila yana da nasa fis a ciki, mutane da yawa sun manta da shi. Mai mita yana iya gama wannan bincike cikin minti ɗaya: a zare daga wuta, a danna makunni, a ɗora mita a kan ƙafafun filogi biyu. A tsofaffin akwatuna mita za ta nuna om kaɗan, alamar hanya a buɗe take har cikin taransifoma. In ba ta nuna komai ba, to, wani wuri ya yanke, ko waya, ko makunni, ko fis, ko kuwa taransifomar kanta. A nan ne farashi ke rabuwa, domin ukun farko ƙaramin aiki ne, na huɗun kuwa sai an sake naɗi ko an samo wata daga gawar irinta.

Yanzu sai maganar fis, wadda a kanta ne aka fi yin ɓarna. Fis ba ya tsinkewa don ganin dama. A ɗaga shi a rana a duba gilashinsa. In gilashin garau yake, zaren ciki ne kawai ya rabu, mai yiwuwa tsufa ne ko wuta ce ta zo da ƙarfi, a sa wani irinsa a gani. In kuwa gilashin ya yi baƙi ƙirin kamar an busa masa hayaƙi, wani abu ne ya haɗe a ciki, kuma ko fis goma aka sa duk za su bi sahunsa. A jikin hular fis akwai rubutu, misali T2A. Harafin T yana nufin mai jinkirin tsinkewa ne, wanda ke jure fizgar farko sa'ad da aka kunna, shi kuwa mai harafin F nan take yake yankewa. In aka sa F a gurbin T sai ya riƙa tsinkewa alhali kuwa akwatin ba shi da laifi.

Abin da muke ƙi shi ne al'adar nan ta naɗa wa fis zaren waya ko takardar azurfar kwalin taba. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. An cire mai gadi, an bar ƙofa a buɗe, sai wutar ta wuce ta ci taransifoma, wani lokaci har ta kama rumfa, mu kuwa mun san abin da gobara take yi wa kasuwanninmu. Idan ka buɗe gidan fis ka ga an yi masa wannan naɗi, ka rage tayi ƙwarai ko ka bar cinikin, domin ba ka san abin da ya riga ya soye a ciki ba.

Masu gyaran rediyo na da can suna da wata dabara da muke ganin kowace rumfar kayan hannu ta kamata ta mallaka, ba ta kuwa da tsada. Ana samun ƙwan lantarki irin na da, mai zare a ciki, na wat 60 ko 100, a haɗa shi a kan hanyar waya ɗaya tsakanin wutar bango da soket ɗin gwaji, yadda duk wutar da za ta shiga amfilifaya sai ta ratsa ta cikin ƙwan. Ƙwayayen zamani masu tsimin wuta ba sa yin wannan aiki, sai mai zare, ga shi kuwa ya fara wuyar samu, wanda ya gani ya saya ya ajiye. Mai gyara ne zai haɗa maka, ya rufe shi cikin akwatin katako yadda ba waya a fili. Sai a cire sifiku, a rage murya ƙasa, a kunna. In ƙwan ya haska bal sa'an nan ya dushe cikin daƙiƙa biyu ko uku, alama ce mai kyau, manyan kwandansa ne suka sha wuta suka ƙoshi. In ya haska ya tsaya da haskensa, akwai haɗewa a ciki, ko a dayod masu mai da wuta, ko a kwandansa, ko a manyan taransistocin da ke tura sauti, amma ƙwan ya tare ɓarnar, ba abin da zai ƙara ƙonewa. In bai ko ƙyafta ba, hanya ce a yanke kamar yadda muka faɗa a baya. Da wannan ƙwai ɗaya dillali ya daina cinikin biri a sama.

Akwai kuma wadda fitilunta ke kamawa, allura ta haska, amma ba sauti. A nan kunne ake sa wa. Yawancin waɗannan akwatuna suna da rile, wanda ke yin ƙas bayan 'yan daƙiƙu da kunnawa, sa'an nan ya saki sauti zuwa sifiku. In ba a ji wannan ƙas ba, akwatin ne ya tsare kansa. Na zamani irin su Yamaha da Sony da Onkyo su kan rubuta gargaɗi a fuska ko su kashe kansu nan take. Kafin a zargi ciki a cire wayoyin sifiku duka a sake kunnawa, domin sili ɗaya na waya in ya taɓa ɗan'uwansa ya isa ya jawo haka. Haka nan masu jibga sifiku. Sifika mai om 8 in aka haɗa biyu a baki ɗaya sun koma 4, in aka haɗa huɗu sun koma 2, alhali akwatin ɗaki ba a yi shi domin wannan dako ba. Masu shagon shayi da masu kiɗan biki su ne gwanayen wannan aiki, kuma kayan da ya fito daga hannunsu a duba shi sau biyu.

In an cire sifiku amma rile ya ƙi bugawa, ko dai ƙananan kwandansa na sashen tsaro sun bushe, wanda ƙaramin gyara ne, ko kuma taransiston sauti ya haɗe yana turo tsayayyar wuta zuwa bakin sifika, wannan kuwa babban aiki ne. Mai mita zai gane, domin lafiyayyen akwati abin da ke bakin sifikarsa bai kai ko kashi ɗaya cikin goma na bolt ba. Kada ka yarda wani ya ce zai tsallake rile da waya don ya nuna maka tana kiɗa. Garin neman gira za a rasa ido, sifikun mai saye ne za su ƙone. A sani kuma waɗansu akwatuna, kamar Pioneer SX-780 ta wajejen 1978, ba taransistoci warwatse suke da su ba, wani dunƙulallen baƙin abu ne na kamfanin Sanyo mai lamba STK. An daɗe da daina ƙera na asali, jabu ya cika kasuwa, ana sa shi ya yi kwana kaɗan ya sake tafiya. Saboda haka in laifin a STK yake, tayi ya sauka sosai komai kyan fuskar akwatin.

Sauran alamu gajeru ne. Wadda ke gurnani ko an rage murya, manyan kwandansanta sun tsufa, sau da yawa za a ga kansu ya kumbura. Wadda ke ɗaukewa in an ɗan buge ta, dalma ce ta tsage. Wadda ke aiki rabin sa'a ta mutu, ta huce ta dawo, zafi ne, a duba ƙurar hunturu da ta toshe ramukan iska da kuma kayan da aka ɗora mata a ka. Har wa yau kada a yanke hukunci a kan ɗan ƙaramin janaretan kasuwa ko sa'ad da wutar gari ta zo rabi, domin lafiyayyar amfilifaya ma takan ƙi buga rile in wuta ta yi ƙasa.

Buɗe murfi kuwa aikin mai gyara ne. Manyan kwandansan nan suna riƙe bolt 40 zuwa 80 ko an zare waya, kuma suna iya ajiye shi har wani lokaci. In za ka kai gyara, ku yi tsada bayan ya gwada a gabanka, ba kafin nan ba, ku kuma yi sharaɗi ya dawo maka da duk abin da ya cire a cikin leda. Bayan gyara a bar ta tana kiɗa sa'a guda da sifiku biyu masu om 8, a taɓa murfi a ji zafinsa, sa'an nan a kira mai saye.