Matar Limamin Epworth Da Cikinta Na Wata Takwas

'Yan'uwana mata, wannan mako ƙasar Ingila za mu, mu leƙa gidan wata mata Kirista mai suna Susanna Wesley, wadda ta rasu tun 1742. Masu zuwa majami'ar Methodist sun san sunan, domin 'ya'yanta biyu, John da Charles, su ne tushen wannan ɗariƙa, wadda ta iso Badagry a 1842, shekara ɗari daidai bayan rasuwar uwar. In ana labarinta a kan tsaya wajen yabon 'ya'yan nan. Mu kuwa da ya ke filin namu ne, uwar za mu duba, mu ga yadda ta ɗauki ciki bayan ciki a gidan da bashi ya yi wa katutu, da abin da bangaskiyarta ta sa ta yi.

An haife ta a Landan a 1669. Ita ce autar gidansu, ta 25 ga ubanta, wani shahararren mai wa'azi da a ke kira Samuel Annesley. Uban nan ya bar ta ta yi karatu sosai, abin da ba a cika yi wa 'ya mace ba a zamanin. Tun tana wajen shekara 13 ta auna maganar addini da kanta, ta bar majami'ar ubanta ta koma Cocin Ingila, uban kuwa bai kore ta ba. A 1688 ta auri Samuel Wesley, wani saurayin limamin coci, tana da shekara 19. Daga haihuwar fari a 1690 zuwa ta ƙarshe a 1709, 'ya'ya 19 ta haifa, har da tagwaye. Tara daga cikinsu tun suna jarirai aka binne su. Ku lissafa da kanku. Cikin waɗannan shekaru da wuya a sami wata guda da matar nan ba ta da ciki, ko jego, ko zaman makoki.

Garin da aka tura mijin aiki sunansa Epworth, cikin lardin Lincoln, ƙasa ce mai fadama, mutanenta kuma ba su cika son baƙo ba. Albashin wurin wajen fam 200 ne a shekara, kuɗin da ya isa a zauna lafiya in an iya tattali. To, amma Samuel da bashi ya shigo garin, kuma wani kashi na abin da zai samu sai ya noma gonar coci, shi kuwa bai iya noma ba. Malami ne na gaske, mai son rubutu, wanda ya yi shekaru yana wallafa wani ƙaton littafi cikin Latin a kan Annabi Ayuba. Amma kuɗi ba su zama a hannunsa. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, sai dai na malamin nan ya yi yawa. Ga shi kuma da zafin baki a kan mumbari da cikin siyasa, har mutanen gari suka tsane shi. Suka ƙone masa amfanin gona, suka sossoke shanunsa da dare, shanun da 'ya'yansa ke shan nononsu.

Tsakaninsa da matar ma ba kullum a ke shan inuwa ɗaya ba. Ita da kanta ta taɓa rubuta wa ɗanta cewa da wuya ra'ayinsu ya zo ɗaya da na ubansa. Wata rana wajen addu'ar gida mijin ya yi wa Sarki William addu'a, ita kuwa ta ƙi cewa amin, don a ganinta ba shi ya cancanci gadon sarautar ba. Kan wannan amin guda Samuel ya hau doki ya bar mata gida da yara watanni. Sai da wuta ta ci wani sashen gidan a 1702 ya dawo. Bayan sun shirya ne aka haifi John, a watan Yuni 1703.

Shekarar 1705 ta fi muni. An yi zaɓe, limamin ya goyi bayan waɗanda mutanen gari ba su so. Da dare 'yan iska suka taru a ƙofar gidan suna kaɗa ganguna suna harba bindigogi, alhali Susanna tana jego, bai fi mako uku da haihuwarta ba. Jaririn yana wurin wata mai reno a tsallaken hanya. Hayaniya ta hana mai renon barci har tsakar dare, da barcin ya zo ya ɗauke ta da nauyi, ta danne yaron. Gawarsa aka kawo wa uwar. Ba a daɗe ba kuma aka kama mijin kan bashin da bai kai fam 30 ba, aka kulle shi a kurkukun Lincoln wajen wata uku. Matar ta tuɓe zobbanta ta aika masa don ya sami abin sayen abinci, shi kuma ya mayar mata da su. Wannan kam mun yaba masa.

A lokacin nan ne Babban Bishop na York ya tambaye ta ta faɗa masa gaskiya, ko sun taɓa rasa abinci ƙwarai. Ta amsa cewa in gaskiya a ke so ba su taɓa rasawa ba, amma wahalar nemo shi kafin a ci, da wahalar biyan kuɗinsa bayan an ci, sun sa cinsa bai fi rashinsa da yawa ba. Duk matar da ta taɓa karɓar awon hatsi bashi ta san wannan magana. Ku lura ba ta ce masa kome lafiya ba, yadda da yawanmu kan yi don kunya. Bishop ɗin kuwa ya ba ta taimako.

A watan Disamba 1707 ta haifi Charles, bakwaini, aka naɗe shi cikin ulu don ɗumi. Bai shekara ba wani ciki ya shiga. Abin da mu ke kira kwanika ke nan, abin da iyayenmu mata ke yi wa faɗa tun kafin a gina asibiti. Likitocin yau sun goyi bayan tsofaffin nan: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara mace ta huta aƙalla shekara 2 bayan haihuwa kafin ta ɗauki wani ciki, domin jininta ya dawo, na goye kuma ya sha nono ya ƙoshi. A zamanin Susanna babu mai faɗa mata haka, babu awon ciki, babu maganin ƙarin jini. Ba mamaki ta yi ta fama da ciwo, wani lokaci ta kwanta kwanaki, babbar 'yarta Emilia ta riƙe gida.

Da wannan ciki ta ke, wata takwas, ranar 9 ga Fabrairu 1709. Gidan na katako ne da yaɓe, rufinsa na ciyawa, kun kuwa san yadda wuta ke yi da jinka. Wajen tsakar dare, cikin tsananin sanyi, wuta ta kama rufin. Garwashi ya faɗo kan gadon wata 'yarsu mai suna Hetty, ta farka ta ruga ta ta da ubanta. Susanna ba ta da lafiya, tana kwance a wani ɗaki dabam. Mijin ya buga mata ƙofa ya ce ta tsere da ranta, ya ruga ɗakin yara. Mai aikin gida ta sunkuci Charles, ta ce sauran su biyo ta. Waɗansu yaran suka fita ta taga, waɗansu ta ƙaramar ƙofar lambu.

Mai ciki wata takwas fa ba ta hawa taga. Ƙofar lambun kuma ba ta iya kai gare ta ba. Saura ƙofar gaba, inda iska ke turo harshen wuta ciki. Sau uku tana tunkarar ƙofar, sau uku wuta na mai da ita baya. Ita ta ba da labarin daga baya, ta ce a nan ta roƙi Almasihu ya taimake ta, sa'an nan ta kutsa cikin wutar kamar mai ƙetare rafi, ko tufafin kirki babu a jikinta. Ta fita da 'yar ƙuna a hannu da fuska. Ta yi addu'ar, ta kuma ɗaga ƙafa ta taka, ba ta tsaya jiran wutar ta buɗe mata hanya ba.

Da aka ƙidaya yara a waje sai aka ga babu John, mai shekara 5. An bar shi yana barci a bene. Uban ya yi ta ƙoƙarin hawa matakala, wuta ta riga ta cinye ta, har ya durƙusa ya miƙa ran yaron ga Allah. Yaron kuwa ya farka, ya hau kan wani akwati ya leƙo ta taga. Babu lokacin ɗauko tsani. Sai wani mutum ya jingina da bango, wani ya hau kafaɗarsa ya fizgo yaron, rufin kuma ya rufta ciki nan take. Maƙwabta ne suka yi wannan, mutanen garin nan da a ke ta rigima da su. Samuel ya kira su duka su durƙusa a yi godiya, ya ce gida ya tafi, tun da 'ya'yansa sun tsira shi mai arziki ne.

Magana ce mai daɗi, amma wadda za ta haihu bayan wata guda ita ta san abin da ya ƙone. Tufafi, da gadaje, da littattafai, da hatsin da aka ajiye, duk sun zama toka. A gidan aro ta haifi 'yar autarta, Kezia, cikin watan Maris. Sauran yaran aka rarraba su gidajen dangi da maƙwabta, biyu aka kai Landan wurin ɗan'uwan ubansu. Sai da aka yi kusan shekara kafin a gama sabon gida na jan bulo, wanda ya ci wajen fam 400, watau wani bashin kuma. Gidan yana nan har yau, an mai da shi gidan tarihi.

Da yaran suka dawo ta tarar sun kwaso zagi da maganar banza da sakaci da ranar Lahadi. Ba ta tsaya kuka ba, ta sake ɗaura ɗamara. Makaranta ta ke yi musu a gida awa 6 kullum, daga ƙarfe 9 zuwa 12, daga 2 zuwa 5. Yaro ya cika shekara 5, washegari za a zaunar da shi ya koyi baƙaƙe duka a yini guda, biyu ne kaɗai cikin 'yan matan suka kai yini da rabi. Wanda ya yi laifi ya faɗi gaskiya ya yi alkawarin dainawa, ba a dukansa, don ta lura tsoron duka ke koya wa yara ƙarya. Kowane yaro kuma tana da daren da ta ke keɓewa da shi su yi hira su biyu, na John ran Alhamis ne. Akwai dokarta guda da ban yarda da ita ba, wai yaro ya san tsoron bulala ya koyi kuka a hankali tun yana shekara ɗaya. Jaririn da ke kuka yunwa ce ko ciwo, ba rashin kunya ba ne. Amma ku 'yan makaranta ga wadda za ku so: ta hana a koya wa 'ya mace ɗinki sai ta iya karatu sosai, domin a ganinta saurin ɗora wa yarinya aiki shi ya sa matan zamaninta kaɗan ne ke iya karatun da za a saurara.

A cikin sanyin 1711 zuwa 1712 mijin ya tafi taron limamai a Landan, ya bar wani mataimaki wanda wa'azinsa kusan kullum kan biyan bashi ne. Susanna ta ga yaranta ba su samun abin da ya kamata, sai ta fara tara su da masu aikin gida a ɗakin girki ran Lahadi da yamma, a rera zabura, ta karanta musu wa'azi daga littafi, a yi addu'a. Maƙwabta suka ji suka roƙa su zo. Kafin a jima masu zuwa sun wuce 200, har waɗansu na komawa don rashin wuri. Mataimakin ya kai ƙara, mijin ya rubuto yana nuna abin bai dace da mace ba. Ta amsa masa da ladabi, ta ce in yana so a watse taron kada ya ce yana so kawai, ya aiko da umarni a fili, yadda alhakin rayukan nan zai koma wuyansa ranar da za su tsaya gaban Ubangiji. Umarnin bai zo ba. Aka ci gaba da taro har ya dawo.

Samuel ya rasu a 1735, bai gama fita daga bashi ba. Da ya ke gidan na coci ne, tilas gwauruwar ta tashi, ta yi ta zama wurin 'ya'yanta bi da bi. Yawancin 'yan matan nan masu karatu ba su dace da aure ba, talauci da rashin sa'ar maza suka bi su, Hetty ma ta fi kowa shan wuya. Charles, bakwainin nan, ya rubuta waƙoƙin sujada fiye da 6,000. Susanna ta cika a Landan ran 23 ga Yuli 1742, bayan ta roƙi 'ya'yanta su rera zaburar yabo da zarar ranta ya fita, aka binne ta a maƙabartar Bunhill Fields.

Kezia kuwa, wadda aka ratsa wuta da ita tana ciki, ta tashi ba ta da ƙoshin lafiya. Ta yi ɗan aikin koyarwa a wata makaranta a Lincoln, ba ta yi aure ba, ta rasu a 1741 tana da shekara 32, uwarta na da rai.