Asirin Lamba 5,040

A cikin lissafi ba abin da ke ba yara wuya kamar rabawa. To, 'yan'uwa masu shirin fita koyarwa, ga wata lamba da za ta taimake ku, watau 5,040.

Lamba ce cika, ba mara ba. Raba ta da 2, ko 3, ko 4, bi da bi har zuwa 10, ba za ka sami saura ba. Duka lambobin da ke raba ta daidai guda 60 ne, in an haɗa da 1 da ita kanta. Amma 11 ta ƙi, sai ta bar saura 2.

Mene ne asirinta? Ginin da aka yi mata ne: 1 × 2 × 3 × 4 × 5 × 6 × 7 = 5,040. Kun ga 8 tana ciki, gama 2 sau 4 ke nan. 9 tana ɓoye cikin 3 sau 6. 10 kuwa 2 sau 5 ce. Amma ba wasu a cikinsu da za a riɓa su ba da 11.

Fiye da shekara 2,300 da suka wuce, Aflatun, masanin nan na ƙasar Girka, ya ce gari mai kyau ya kamata ya kasance da gida 5,040, domin rabon gonaki da ayyuka ya zo da sauƙi.

Kada ku faɗa wa yara asirin tun da fari. Ku rubuta lambar a allo, su yi ta rabawa har su tambaya da kansu. Abin da yaro ya gano da kansa, ba ya mantawa.