Kan Jirgi Ɗaya Kawai Nake Roƙo a Ajiye Mana

A Maikujera aka haife ni, inda ba a taɓa shimfiɗa layin dogo ba. Mu mutanen gabashin Sakkwato, daga Wurno zuwa Rabah da Goronyo, jirgin ƙasa a bakin 'yan cin rani muka fara saninsa. Ina ɗan shekara goma mahaifina ya riƙo hannuna zuwa tashar Ƙaura Namoda, inda layin da ya taso daga Zariya ya ƙare tun 1929. Ba girman kan jirgin na fi riƙewa ba, launinsa ne: kore shar, da ratsin rawaya a gefe, yana rugugi kamar hadarin Agusta.

Kwanan baya na ga irin wannan kan jirgi an jingine shi a gefen wata tasha. Tsatsa ta cinye fentin, an kwashe wayoyin cikinsa, awaki na kwana a inuwarsa.

Waɗannan injuna suna da tarihi. A 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, kamfanin English Electric na Ingila ya ƙera wa ƙasar nan kawunan jirgi guda goma masu amfani da man dizal. Daga nan masu cin kwal suka fara ja da baya. Irin waɗannan kawuna ne suka ja taragun gyaɗa da auduga da fatu zuwa Ikko, suka dawo da gishiri da goro. Gumin manomanmu suka ɗauka.

Yanzu lokaci na ƙure musu. Faɗin tsohon layi milimita 1,067 ne, sabbin layuka kuwa, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, milimita 1,435 ne. Tsohon kan jirgi ba ya hawa sabon layi. Da zarar an daina bin tsohon, abin da ke jiransa shi ne ma'aunin 'yan gwangwan.

Wani zai ce masu fama da yunwa da rashin tsaro ina ruwansu da fenti? Hujja ce mai nauyi. Sai dai ba sabon jirgi nake nema ba. A Jos an ajiye ƙananan kawunan jirgin layin Zariya zuwa Jos da aka rufe a 1957, kuma ɗalibai na zuwa kallonsu. A Ebute Metta an gyara gidan Jaekel ya zama gidan tarihin reluwe.

Roƙona ga hukumar da gwamnatocin Sakkwato da Zamfara shi ne a zaɓi kan jirgi ɗaya, a kankare tsatsarsa, a mayar masa da launinsa da lambarsa na asali, a girke shi a Ƙaura Namoda. A tambayi tsofaffin direbobi da makanikan Zariya yadda fentin yake tun suna da rai. In suka tafi, sai dai mu yi ta kintace.