Laftof ta ƙi karɓar kalmar sirri? Duba wayarka kafin ka kai a yi mata fomatin

A Darki da sauran garuruwan ƙasar Wudil, idan laftof ta ƙi buɗewa, shawarar da mutum ya fi ji ita ce ya hau mota zuwa Kano, Farm Centre ko titin Beirut, a yi mata fomatin. Fomatin na buɗe kwamfuta kam, amma yakan tafi da duk abin da ke cikinta: furojet ɗin ɗalibin Jami'ar Aliko Dangote da ya shafe wata shida yana rubutawa, lissafin ɗan kasuwa, hotunan biki. Alhali kulle iri-iri ne, kuma yawancinsu makullinsu yana cikin wayar da ke aljihunka.

Fara da zargin kibod ɗin. Laftof 'yan Kwatano da suka cika kasuwanninmu daga ƙasashe daban-daban suke fitowa, kowace da tsarin maɓallanta. A kibod ɗin Ingila da na Amurka, alamar @ ba a wuri ɗaya take ba. Wadda ta fito daga Faransa ko Beljiyom kuwa, A na zaune a gurbin Q, Z a gurbin W. Idan tsarin da Windows ke bi ya saɓa da abin da aka buga a jikin maɓallan, za ka rubuta daidai ita kuma ta karanta wani abu dabam. Danna alamar ido da ke gefen akwatin rubutun ka ga abin da yake shiga. Duba Caps Lock, duba Num Lock, domin a wasu ƙananan laftof yana mai da J, K da L su zama 1, 2 da 3. Kada kuma ka yi ta jefa canki-canki. Windows 11 kan rufe asusu na minti 10 bayan kuskure 10, a wajen PIN kuma za ta sa ka rubuta A1B2C3 kafin ta sake ba ka dama.

Idan kibod lafiya lau ne, sai ka gane wane irin asusu kake da shi. In da imel na Microsoft aka saita kwamfutar, to aikin ya zo da sauƙi. Ka kunna hotsfot a wayarka, ka haɗa laftof ɗin ta alamar intanet da ke ƙasan allon shiga ta hannun dama, sannan ka danna "I forgot my PIN" ko "I forgot my password". Za a turo maka lambar tabbatarwa ta layin waya ko imel ɗin da ka bayar tun farko. Kana iya canza kalmar sirrin ma daga wayar a account.live.com/password/reset, amma dole laftof ɗin ta samu intanet kafin ta san da sabuwar.

A nan ne da yawa suke maƙalewa, kuma ba laifin kwamfutar ba ne. Layin da aka yi rajista da shi ya ɓata, ko yana cikin waɗanda aka rufe a 2024 saboda rashin haɗa su da NIN, ko an bar shi ya daɗe ba a amfani har kamfani ya sayar wa wani. Idan layin naka ne har yanzu, zuwa ofishin kamfanin a yi maka walkam-bak ya fi sauri, domin sauya bayanan tsaro gaba ɗaya a wurin Microsoft kan sa mutum jiran kwana 30.

Wanda asusunsa na cikin kwamfuta ne kawai, babu imel, zai ga "Reset password" bayan ya kuskure, sai ta yi masa tambayoyi uku na tsaro, tsarin da ya shigo Windows 10 a 2018. Matsalar ita ce sau da yawa yaron shago ne ya cike amsoshin da abin da ya zo bakinsa ranar da aka saya. Idan haka ne, to zuwa wurin mai gyara ya zama dole, sai dai ka faɗa masa ƙarara: a kwashe fayiloli zuwa filash ko wani hadis tukuna, sannan a taɓa Windows. Mai gyaran kirki ya san yadda ake yi. Wanda ya ce maka ba ya yiwuwa tun bai duba ba, gaggawa yake yi, ka ƙara gaba.

Akwai lokacin da ba ya yiwuwa da gaske, shi ne idan BitLocker ya rufe hadis ɗin. Alamarsa shuɗin allo ne mai neman lambobi 48. BitLocker yana damalmala duk bayanan da ke cikin kwamfuta ta yadda ko an cire hadis an sa a wata na'ura, ba abin da za a iya karantawa. Ga wanda aka sace wa laftof wannan rahama ce. Abin da ba kowa ya sani ba, sababbin kwamfutoci da dama suna kunna shi da kansu da zarar an shiga da asusun Microsoft, kuma tun fitowar Windows 11 samfurin 24H2 a watan Oktoban 2024 abin ya ƙara faɗaɗa. Shuɗin allon kan fito bayan an sabunta BIOS ko an canza wani sashe na cikin kwamfutar. A Yulin 2024 wani sabuntawa na Microsoft da kansa ya jefa mutane ciki, kuma a ranar 19 ga watan, da manhajar CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 a duniya, manyan kamfanoni ma sai da suka koma laluben waɗannan lambobi.

Nemo su ba wuya. Buɗe account.microsoft.com/devices/recoverykey a wayarka, ka shiga da imel ɗin da aka saita laftof ɗin da shi. Idan makullai da yawa suka fito, ka ɗauki wanda lambar shaidarsa ta dace da wadda shuɗin allon ya nuna. In ba ka ga komai ba, tambayi kanka wa ya fara kunna kwamfutar. Mai shago ne, ko yayanka, ko ofishin da ya ba ka ita? Makullin yana asusun wannan mutumin. Microsoft ta bayyana cewa ba ta iya ƙera wani idan ya ɓata, kuma babu gwanin da zai fasa shi a Farm Centre. Duk wanda ya karɓi kuɗinka a kan haka, fomatin zai yi ya miƙo maka kwamfuta wayam.

Sauran kullen sun fi shafar masu sayen ta hannu. Idan tana neman kalmar sirri tun kafin tambarin Windows ya fito, na BIOS ne, fomatin ba ya cire shi, kuma a manyan laftof na ofis irin su ThinkPad da EliteBook tsohuwar dabarar cire ɗan batirin cikin ba ta aiki. Wata kuma sai an yi mata fomatin an haɗa da intanet ta fito da sunan wani kamfani ko makaranta ta Turai, alamar ba a cire ta daga rajistarsu ba. MacBook na zamani kan nemi Apple ID na mai ita na farko. A duk waɗannan, mai da ita wurin wanda ya sayar maka da rasit a hannu shi ne mafita, kuma mai gyara yana da gaskiya idan ya nemi ganin rasit ɗin kafin ya sa hannu, don kayan sata ma ta wannan ƙofa suke shigowa.

In taka tana buɗewa lafiya yanzu, shiga Settings, sai Privacy & security, ka duba ko Device encryption a kunne yake. Idan a kunne yake, nemo lambobi 48 ɗin yau ka rubuta su a takarda, ka ajiye a gida wurin da kake ajiye takardun makaranta, ba cikin jakar laftof ɗin ba. Ka kuma duba wane layi ne ke jikin asusunka, ka ƙara imel na biyu wanda kake buɗewa a waya.