2,147,483,647: Lambar da Tsofaffin Kwamfutoci Ba Sa Iya Tsallakewa

Da ƙarfe 4:14:07 na asubahin 19 ga Janairun 2038, agogon Najeriya da Nijar, duk na'urar da ke lissafin lokaci da tsohon tsari za ta iya wayar gari tana ganin shekarar 1901 ake ciki. Musabbabin hakan lamba ce guda: 2,147,483,647.

Kwamfuta ba ta san komai ba sai 0 da 1, kuma kowane gurbi da ke ɗaukar ɗayansu shi ake kira bit. A tsarin bit 32, ana ware gurbi ɗaya don nuna ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa da shi, saura gurbi 31. Idan aka cika su duka da 1, abin da za a samu shi ne wannan lamba, wato 2 a ninka ta da kanta sau 31, a cire 1. A tsarin ƙirga na sha shida da masu rubuta manhaja ke amfani da shi kuwa, 7FFFFFFF ake rubuta ta. Da zarar an ƙara mata 1, sai gurbin alamar ya juya, lissafi ya faɗa zuwa -2,147,483,648.

Babbar manhajar Unix da danginta irin su Linux suna ƙirga lokaci ne da daƙiƙa, tun daga farkon 1 ga Janairun 1970. A wancan lokaci na 2038 ne ƙirgen zai cika maƙil, sai ya koma 13 ga Disambar 1901. Wayoyi da kwamfutocin zamani galibinsu sun koma bit 64, wanda iyakarsa 9,223,372,036,854,775,807 ce. Inda fargabar take shi ne ƙananan na'urorin da aka dasa cikin injinan masana'antu da kayan sadarwa, waɗanda kan shekara ashirin ba wanda ya sabunta su.

Ba sai an jira 2038 ba ma. A Disambar 2014 YouTube ta sanar cewa ta faɗaɗa ma'aunin ƙirga masu kallo zuwa bit 64, saboda bidiyon Gangnam Style na mawaƙin Koriya ta Kudu, Psy. Wannan abin raha ne. Wanda ba na raha ba shi ne gargaɗin da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta fitar a 2015, cewa jirgin Boeing 787 na iya rasa wutar lantarki idan na'urorin sarrafa janaretocinsa suka yi kwana 248 a kunne ba a kashe ba. Mai karatu ya gwada lissafin: idan ana ƙirga sau 100 a kowace daƙiƙa, a cikin kwana na 249 ake cimma lambar tamu.

Matasanmu masu rubuta manhajar kuɗi su ma su lura. Idan ka ajiye kuɗi da kwabo a gurbin bit 32, iyakarka naira 21,474,836 da kwabo 47. A yau ɗan kasuwa ɗaya a Kantin Kwari zai iya wuce wannan.

Ita kanta lambar tana da daraja tun kafin zuwan kwamfuta. Babu lambar da ke raba ta daidai sai 1 da ita kanta, kuma masanin lissafin nan ɗan ƙasar Suwizalan, Leonhard Euler, ne ya tabbatar da hakan a 1772, da alƙalami da takarda kawai.