Me ke faruwa a bayan fage idan ka latsa "Shiga" a shafin intanet?

Duk wanda ya taɓa yin rajistar jarrabawa, ko cike takardar neman aiki, ko duba asusun banki ta intanet ya san 'yar da'irar nan da ke juyawa bayan an rubuta kalmar sirri. Tana ta juyawa amma ba ta cewa komai. Mutum ba zai gane ko sabis ne ya ɗauke ba, ko kalmar sirrin ce ya yi kuskure, ko kuwa cunkoso ne ya yi wa shafin yawa.

Abin da akasarin mutane ke yi shi ne su sake latsawa, sau biyu, sau uku. Kowace latsawa kuwa sabuwar buƙata ce da ke ƙara tsawon layi. A wasu shafukan tana sa a turo sabuwar lambar tantancewa ta soke ta farko, a wasu ma har a rufe asusun na ɗan lokaci saboda yawan gwaji.

Akwai hanyoyin da shafi zai iya sanar da kai halin da ake ciki nan take, kuma sun daɗe da samuwa. Sanin yadda suke aiki zai taimaka maka ka bambance saƙon gaskiya da na ado, da kuma wanda ɗan damfara ya shirya maka.

Aikin da ake yi a ɓoye

Idan ka latsa "Shiga", bayananka na tafiya ne zuwa babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin, wadda ake kira sabar. A can za a fara da neman asusunka a rumbun bayanai, sannan a gwada kalmar sirrin.

Shafin da ya san abin da yake yi ba ya ajiye kalmar sirri yadda ka rubuta ta. Yana dagula ta ne da wani lissafi, ya ajiye sakamakon. Ɗaya daga cikin fitattun hanyoyin yin haka, bcrypt, wadda Niels Provos da David Mazières suka fitar a 1999, da gangan aka tsara ta ta riƙa jan lokaci, domin ɓarawon da ya sace rumbun ya sha wuya wajen gwada miliyoyin kalmomi.

Bayan nan sabar na iya duba ko wannan na'urar ce ka saba shiga da ita, ta nemi kamfanin sadarwa ya tura maka lamba ta tes, sannan ta tattaro bayanan da za a nuna maka. Kowane mataki na iya yin jinkiri, musamman wanda ya dogara da wani kamfani na daban.

Masanin tsara manhajoji Jakob Nielsen ya bayyana a 1993 cewa idan na'ura ta amsa cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, mutum na ganin abin nan take ya faru. Daƙiƙa ɗaya ba ta katse masa tunani. Amma da an haura daƙiƙa 10, hankalinsa ya fara barin wurin, don haka dole a nuna masa inda aka kwana.

Me ya sa shafi ke yin gum?

Asalin abin yana cikin yadda aka gina yanar gizo. Tsarin da Tim Berners-Lee ya fara tsarawa a 1989 a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da birnin Geneva ya ginu ne a kan tambaya da amsa. Burauzar wayarka ce ke tambaya, sabar ta ba da amsa sau ɗaya, magana ta ƙare. Sabar ba ta da ikon fara yi maka magana da kanta.

Kamar ka aiki yaro kasuwa ne ba waya a hannunsa. Ko ya tarar da layi, ko an rufe shagon, ba za ka ji labari ba sai ya dawo.

Dabarar da masu gina shafuka ke yi ita ce raba aikin gida biyu. Sabar za ta karɓi buƙatarka ta ba shafin wata lamba nan take, irin wadda ake ba mutum a layin banki ko asibiti. Sai ta ci gaba da aikin, tana rubuta kowane matakin da ta kammala a ƙarƙashin wannan lambar. Abin da ya rage shi ne yadda labarin zai iso wayarka.

Hanyoyi huɗu na isar da labari

Ta farko ita ce yawan tambaya. Shafin zai riƙa tuntuɓar sabar bayan kowane 'yan daƙiƙu yana cewa "an gama?" Da wannan ake amfani idan talabijin ta nuna maka wasu haruffa ta ce ka je ka rubuta su a waya domin shiga asusunka. Ƙa'idar da hukumar tsara ƙa'idojin intanet ta IETF ta fitar kan haka a 2019 ta ce talabijin ta jira daƙiƙa 5 tsakanin tambaya da tambaya idan ba a faɗa mata wani adadi ba, kuma sabar na iya umartarta ta rage gaggawa. Hanyar na da sauƙin ginawa, sai dai yawancin tambayoyin amsarsu "tukuna" ce, ga cin data da batir.

Ta biyu ita ce tambaya da doguwar jira. Shafin zai yi tambaya, sabar ta riƙe ta ba amsa har sai wani sabon abu ya faru. Da ta amsa, sai shafin ya sake jefa wata tambayar.

Ta uku, wadda ake kira SSE a taƙaice, kamar rediyo take. Shafin zai buɗe layi ɗaya ya bar shi a buɗe, sabar ta riƙa turo gajerun saƙonni: "an tabbatar da kalmar sirri", "an tura lamba", "ana ɗauko bayananka". Magana daga ɓangare ɗaya take fitowa. Babban amfaninta ga mai raunin sabis shi ne idan layin ya yanke, burauza na sake haɗawa da kanta, kuma tana iya faɗa wa sabar saƙon ƙarshe da ta samu domin a ɗora daga nan. Irin wannan hanya ce ke sa amsar ChatGPT ta riƙa fitowa kalma bayan kalma.

Ta huɗu ita ce WebSocket, wadda IETF ta tabbatar da ƙa'idarta a Disambar 2011. Ita kamar kiran waya take, kowane ɓangare na iya magana a duk lokacin da ya so. WhatsApp Web, da aka ƙaddamar a Janairun 2015, da ita yake aiki. Idan ka haska lambar QR da wayarka, wayar ce ke sanar da sabar WhatsApp, ita kuma ta sanar da kwamfutar ta layin da ke buɗe. Shi ya sa shafin ke sauyawa ba tare da ka taɓa kwamfutar ba.

Ba duk abin da ke motsi ne gaskiya ba

Wasu shafukan ba sa jin komai daga sabar. An dai tsara musu agogo ne: bayan daƙiƙa biyu a rubuta "ana tantancewa", bayan huɗu a rubuta "saura kaɗan". Wannan ne dalilin da ya sa layin nuna ci gaba kan ruga da gudu sannan ya cije daf da ƙarshe.

Akwai dalilin da ya sa kamfanoni ke son nuna aiki. A 2011, Ryan Buell da Michael Norton na jami'ar Harvard sun wallafa wani bincike da ya nuna cewa mutane sun fi daraja shafin da ke nuna musu aikin da yake yi yayin da suke jira, har wani lokaci sukan fifita shi a kan wanda ya ba su amsa iri ɗaya nan take.

Illar saƙon ado ita ce yana ci gaba da kwantar maka da hankali ko da aikin ya riga ya tsaya. Ga mai fafutukar kammala rajista a ranar ƙarshe, wannan asarar lokaci ce da ba ta dawowa.

Abin da bai kamata shafi ya faɗa ba

Faɗin gaskiya ma yana da iyaka. Idan shafi ya ce "babu wannan imel ɗin" ga wani, ya ce "kalmar sirri ba daidai ba" ga wani, to ya ba mai kutse hanyar tantance waɗanda ke da asusu. Zai zuba dubban adireshi ya tace na gaske.

Saboda haka ƙungiyar OWASP, mai fitar da shawarwari kan tsaron manhajoji, ke ba da shawarar a riƙa amfani da amsa guda ga duka biyun. Idan ka ga "suna ko kalmar sirri ba daidai ba", ba rowar bayani ake yi maka ba, kariya ce. Cikakken bayanin matakai ya fi dacewa bayan an tabbatar kai ne mai asusun.

'Yan damfara ma sun iya

Fasahar da ke sanar da kai halin da ake ciki ita ce kuma ke ba ɗan damfara damar yin aiki da kai kai-tsaye. Zai turo maka adireshin shafin bogi mai kama da na banki. Kana rubuta bayananka yana gani, yana zuba su a shafin gaske, kai kuma ana nuna maka "ana tantancewa, dakata". Da bankin ya turo maka lamba, sai shafin bogin ya sauya ya nemi ka rubuta ta. Lambar ta gaske ce, amma ƙofar da za ta buɗe tasa ce.

Haka abin yake da saƙon amincewa da ke faɗowa a waya. A Satumbar 2022 an yi wa kamfanin Uber kutse bayan da maharin ya samu kalmar sirrin wani ɗan kwangila, ya yi ta ƙoƙarin shiga, saƙonnin neman amincewa suka yi ta zuwa wa mutumin har ya amince da ɗaya. A Mayun 2023 Microsoft ya wajabta wa masu amfani da manhajarsa ta Authenticator rubuta lambar da ke kan allon shiga kafin amincewa, domin kada a riƙa latsa "eh" da ka.

Abin da za ka iya yi

Latsa "Shiga" sau ɗaya ka jira. Idan an ɗauki lokaci, buɗe wani shafin na daban ka ga ko sabis ɗinka ne, kafin ka sake gwadawa.

Idan ka nemi a sake turo lamba, yi amfani da wadda ta zo daga ƙarshe.

Duba adireshin shafin da kyau kafin rubuta lambar tantancewa, kuma ka rubuta adireshin bankinka da kanka maimakon bin wanda aka turo ta tes ko WhatsApp.

Saƙon amincewa da ya zo alhali ba kai ke ƙoƙarin shiga ba, ƙi shi, sannan ka sauya kalmar sirri nan take, domin alama ce ta riga ta faɗa hannun wani.

Kada ka haska lambar QR ko ka shigar da lambar haɗa na'ura da wani ya turo maka. Leƙa sashen na'urorin da aka haɗa a WhatsApp lokaci zuwa lokaci, ka cire duk wadda ba ka sani ba.

Su kuma matasan da ke gina wa makarantu da hukumomi shafuka, abu uku ne za su rage wa jama'a wahala: a kashe maɓallin da zarar an latsa shi, a nuna matakin da sabar ta kai da gaske, kuma a sa iyakar lokacin jira, ta yadda idan aikin ya gaza shafin zai fito fili ya ce ya gaza, ya faɗi abin da mutum zai yi na gaba.