Ƙwayoyin Garkuwa Masu Tsawatarwa da Makomar Mai Sankarar Mama

A cikin fararen ƙwayoyin jinin ɗan Adam akwai wani rukuni da aikinsa shi ne tsawatar wa sauran ƙwayoyin garkuwa idan sun wuce gona da iri, don kada su afka wa jikin da suke karewa. Likitoci na kiran su Treg. Shimon Sakaguchi na Japan ne ya tabbatar da samuwarsu a 1995. A 2001 Mary Brunkow da Fred Ramsdell na Amurka suka gano ƙwayar gado mai suna FOXP3, wadda daga baya aka gane ita ke sarrafa su. Su ukun ne suka karɓi kyautar Nobel ta likitanci a 2025.

Wannan tsawatarwa rahama ce ga mai lafiya, amma sankarar mama kan ci moriyarta. Ƙarin yana fitar da sinadarai irin su CCL22 da ke janyo Treg su yi masa zobe. Da zuwansu sai su saki IL-10 da TGF-beta, su kuma wawushe IL-2, sinadarin da mayaƙan garkuwa masu alamar CD8 ke bukata kafin su yi ƙarfi. Sai mayaƙan su yi sanyi, ƙarin ya samu damar girma har ya kai ga kaluluwar hammata.

Wani bincike da masana na Oxford a Ingila suka wallafa a 2006 ya nuna cewa, a sankarar da ke dogara da sinadarin mata na estrogen, yawan Treg a cikin ƙari alama ce ta yiwuwar dawowar cutar, ko da an haura shekara 5. Sai dai akwai nau'in da ba ya ɗauke da ko ɗaya daga alamomi ukun da ake gwadawa a jikin ƙari, wato ER, PR da HER2, wanda ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa. A cikinsa sau da yawa yawan Treg kan zo tare da ɗimbin mayaƙan CD8, marar lafiya kuma ta fi amsa magani. Saboda haka masana ba sa tsayawa ga adadin Treg kaɗai, suna auna su ne da yawan mayaƙan da ke gefensu.

A gida Nijeriya kuwa, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya a Gyadi-Gyadi, ƙaramar hukumar Tarauni, wanda aka kafa a 1988, akan yanko ɗan tsoka daga ƙarin, a daskarar da shi cikin kakin gwaji, a fere shi ya fi fatar albasa rashin kauri, a rina, sannan a duba a madubin likita. Gwajin ER, PR da HER2 shi ke nuna maganin da ya dace. Ƙirga Treg ta hanyar FOXP3 kuwa har yanzu a fagen bincike yake, ko a manyan asibitocin duniya. Amma kimanta yawan ƙwayoyin garkuwar da suka kutsa cikin ƙari ba ya bukatar komai sai rinin yau da kullum da idon ƙwararre, kuma hakan ya dace da asibitin da akasarin majinyatansa ke biyan kuɗin magani daga aljihunsu.

Duk da haka, matakin da cutar ta kai ranar da aka gano ta shi ne babban ma'aunin makoma. Alƙaluman hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna mata fiye da 32,000 ne suka kamu da ita a Nijeriya a 2022, sama da 16,000 kuma suka rasu. Mafi yawansu sukan isa asibiti ne a mataki na 3 ko na 4, bayan watanni ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe a gida, ana ɗaukan ƙullutun a matsayin maruru. Duk macen da ta ji ƙullutu a mamanta ko a hammatarta, ko da ba ya ciwo, ta garzaya asibiti a makon nan, kuma maigidanta da danginta su tsaya mata.